Man Da Ya Wanke Motar Anti

Duk mai fita da sassafe a layin nan ya san Anti Mai Mota, in bai san fuskarta ba ya san bokitinta. Kafin masu shaguna su ɗaga ƙofa ta riga ta fito da ruwan kumfa da soso, ta naɗe hannun riga, tana cuɗa tsohuwar motarta tun daga rufi har taya. Mota ce doguwa mai faɗin baya, irin wadda aka daina yayinta tun kafin a haifi yaran da take kaiwa makaranta. Fentinta ya koɗe har ba mai iya rantsuwa a kan launinta na asali, amma datti kam sai dai ka gani a motar wani. Masu tsokana sukan ce ba rana ce ta cinye fentin ba, soson Anti ne. Ita ko ɗago kai ba ta yi, ta san bakinsu ba ya hutawa.

Wanki ne ya raine ta. Marainiya ce, ta tashi a gidan gwaggonta inda 'ya'ya suka yi yawa, kuma duk tsumman da ya ɓaci a gidan ita yake jira. Da ta girma ta samu aiki a ɗakin wankin wani otal, ta shekara da shekaru cikin tururi da zannuwan gado, har fatar hannunta ta yi kanta. A can ta ɗauko aƙidar da ta riƙe duk rayuwarta, cewa babu abin da ke lalata kaya kamar datti, kuma duk abin da aka wanke shi tas an ba shi rabin lafiya. Ba a littafi ta karanta wannan ba, hannunta ne ya gaya mata, kuma a kan zane da tukunya da jikin yaro gaskiyarta ne.

Ta auri direban tasi, mutum mai sanyin hali wanda kowa ke kira Direba, har mahaifiyarsa. Sun yi zaman lafiya, faɗansu ɗaya ne kullum, shi ne ƙazantar aikinsa. Farcensa baƙi, tsumman gaban motarsa baƙi, kuma in zai yi wa mota juye, wato ya zubar da tsohon man inji ya sa sabo, ba ya wuce masu aunawa daga duro a bakin hanya. Mai ne mai kauri, mai araha, yana zuba a hankali kamar ba ya so. Ta sha gaya masa araha ba ta ado. Sai ya yi dariya ya ce tsohuwa ta saba da abincinta, a bar ta da shi. Ita kuwa ta ɗauki wannan a matsayin rowa irin ta maza, waɗanda za su saya wa aboki shayi su hana abin da ke ci da su haƙƙinsa.

Otal ya kawo injuna ya sallami masu wankin hannu, ba a daɗe ba kuma Direba ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Ya bar mata 'ya ɗaya da ke karatun jinya a wani gari, da Inna mahaifiyarsa wadda ƙafa ta hana fita, da motar. Dangi suka ce a sayar a raba. Anti ta ce a'a, kuma furfura ta fara leƙo mata ta shiga koyon tuƙi a filin ƙwallon bayan makaranta. Ƙanin mijinta ne ya koya mata, bakanike ne, wanda duk gari ke kira Dawo-Gobe saboda ba a taɓa zuwa garejinsa an karɓi mota ranar da ya yi alkawari ba. Ta kashe masa mota ba adadi, ta ture masa duro, yana riƙe da kai yana cewa Matar Yaya za ta mayar da 'ya'yansa marayu. Amma ta iya. Iyaye suka ji daɗin samun mace mai tuƙi a hankali da mota mai ƙamshin sabulu, suka ba ta yara bakwai. Da su gidan ya tsaya da ƙafarsa.

A wannan zangon karatu ne motar ta fara nuna shekarunta. Rana ɗaya fanbel, igiyar robar nan ta inji, ya tsinke a tsakiyar kasuwa, yara suka isa makaranta an gama darasin farko. Wata safiya bayan ruwan sama ta ƙi tashi sam, sai da aka tura. Duk sau biyun Dawo-Gobe ya gyara, duk sau biyun ya ce ƙaramin abu ne, da ma a wajensa komai ƙaramin abu ne tunda ba shi iyaye ke kira ba. Ana cikin haka wata sabuwar bas mai sanyi ta fara yawo a unguwar, mai ita yana bi gida-gida yana raba lambar waya.

Maman 'Yan Biyu ce bakin iyayen, mace mai kirki wadda ba ta iya ɓoye magana. Ta tare Anti a ƙofar gida ta yi mata bayani ba tare da ɗaga murya ba. Tagwayenta suna ajin ƙarshe, babbar jarrabawar wucewa sakandare ta matso, masu sa ido daga waje za su zo, kuma dokar ranar ita ce in an rufe ƙofa an rufe, wanda ya makara sai baɗi.

"Anti, wallahi muna son ki," in ji ta. "Amma mun zauna mun yanke. In aka ƙara makara ko sau ɗaya, dukanmu bas za mu koma. Gara ki ji daga bakina."

Anti ta yi godiya, don ba a faɗa da mai gaskiya. Amma daga ranar abinci ya daina yi mata daɗi. Tsoro ya shige ta. In yaran suka tafi, karatun 'yarta ya tsaya a shekarar ƙarshe, maganin Inna ya yanke, mai gidan haya kuma ba ɗan'uwanta ba ne. Duk ƙarar da motar ta yi sai gabanta ya faɗi. Takan kashe rediyo ta kasa kunne tana sauraron injin, ba ta san abin da take saurara ba, ta dai san wani abu yana zuwa.

Lokacin juye ya yi. A karon farko tun rasuwar Direba ta ƙi zuwa wajen ƙanin mijinta, don ta gaji da ƙaramin abu ne. Ta tafi wani babban gidan mai da ke da shagon gilashi a gefe, ta ajiye motar can bayan tankar mai, ta shiga tana goge ƙafa. Wuri ne mai tsafta, galan-galan a jere a kan kanta ba ƙura ko ɗaya, kuma tun kafin a ce komai zuciyarta ta yarda da wurin.

Mai shagon ba macuci ba ne, a faɗi gaskiya. Ya sauko mata da galan biyu ya ajiye a gabanta. Ya ce wannan mai araha ne, yana aikinsa, mutane da yawa shi suke sa wa. Wannan kuma sintetik ne, mai tsada, siriri ne, yana isa kowane lungu na inji da zarar an tayar, yana jure zafi, yana daɗewa kafin a sake juye. Da ya faɗi kuɗinsa sai da Anti ta dafa kanta. Ya tambaye ta motar ta daɗe ne, sai kunya ta kama ta, ta ce ta ɗan kwana biyu. Shi kuwa ya ɗauka kwana biyun mutanen da ke shigowa shagonsa take nufi. Har ta miƙa hannu za ta ɗauki mai arahar sai ya ƙara da wata magana, yana goge murfin galan ɗin da hankici.

"Kuma yana wanke inji daga ciki. Duk dattin da ya taru shekara da shekaru, a hankali yake narkar da shi, ya bar ƙarfe tas."

Shi ke nan, ya gama da ita bai sani ba. Tana tsaye ta ga abin a idonta. Kullum tana wanke bayan motar, ashe cikinta na can cunkushe da ƙazantar man duro ta tsawon aurensu da Direba. Yaya mota ba za ta yi ciwo ba? Ta koma gida ta ɗauko babban dutsen gugarta mai tururi, wanda otal ya ba ta ranar sallama, wanda take karɓar gugar maƙwabta da shi in an yi hutun makaranta. Inna na kallonta daga kan tabarma ta tambayi ina za a kai shi, ta ce gyara. Ta kai wa wani mai wanki da guga da ya daɗe yana maitarsa, ya saya ba ko ciniki.

A ramin juye na gidan man, da aka kwance ƙasan injin, abin da ya zubo baƙi ne wuluk mai kauri kamar kwalta. Anti ta toshe hanci, tana jin haushin mamaci tana kuma nema masa gafara. Mai juyen ya leƙa injin, ya dubi galan ɗin da ta miƙo masa, ya sake duban injin.

"Anti, wannan man a wannan injin?"

Da ta tsaya ta tambaye shi dalili, da wataƙila labarin ya sauya. Amma irin tambayar nan ta sha jin ta tun tana yarinya, wannan takalmin a ƙafarki, wannan zanen a jikinki, tuƙin mota a shekarunki. Ta ji raini a inda babu shi. Ta ce masa kuɗinta ne ko nasa, ya zuba. Ya ɗaga kafaɗa ya zuba, man ya gangara garai-garai, launin zuma, har ana ganin haske ta cikinsa.

Kwanakin da suka biyo baya ba ta taɓa jin daɗin motar kamar su ba. Murɗa makulli ɗaya take tashi, ƙarar injin ta yi laushi, a hawa ba ta haki. Har yaran suka tambaya ko an sake mota ne. Anti ta dawo cin abinci, ta yi wa Inna kitso, ta kira 'yarta ta ce ta kwantar da hankali ta yi karatu. Ta wuce ta gaban garejin Dawo-Gobe da gangan ta danna masa ham ba ta tsaya ba.

Wata safiya tana wanki ta ga ɗigo a ƙasa, daidai ƙarƙashin injin, bai fi kwabo ba. Ta wanke shi. Washegari ya dawo da ƙannensa. Ta shimfiɗa kwali, kwalin ya jiƙe. Ta zaro ƙarfen awon mai ta goge ta mayar ta sake zarowa kamar yadda aka koya mata, ta ga ya sauka. Ta ƙara daga ragowar galan ɗin tana gaya wa kanta dattin ne yake fita. Sai salansa ya fara hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, masu babur a bayanta suna kaɗa hannu. Ta yi ta ƙarawa har galan ɗin ya yi sauƙi a hannu, sannan ya ƙare. Ana gobe jarrabawar tagwaye ta haɗiye girman kanta ta shiga garejin ƙanin mijinta.

Ya fara da wasa kamar kullum, yana cewa Matar Yaya ta yi sabon miji ta manta da tsohon. Da ya kwanta a ƙarƙashin motar ya fito, wasan ya tafi. Ya murza man a yatsunsa ya shinshina, ya tambayi abin da ta zuba, ta gaya masa. Ya zauna a kan tsohuwar taya. Sannan ya yi mata bayani a hankali, ba gori a ciki. Man ba shi da laifi, mai kyau ne, a sabon inji babu kamarsa. Amma robobin da ke toshe mahaɗar wannan injin sun bushe sun tsattsage tun Yaya na da rai, kuma dattin nan da ya daskare a kansu shi ne ya liƙe tsagun. Sabon man ya narkar da shi, ga shi siriri, ya samu hanya ta ko'ina. Babbar ɓarakar tana can baya, tsakanin inji da giya, sai an sauke giyar an sake roba, aikin kwanaki ne ko ga bakaniken da ke cika alkawari.

Ta ce a zuba mata mai kaurin, a mayar da ita yadda take. Ya ce zai zuba, zai rage yoyon, amma abin da shekaru suka liƙe ba ya dawowa a kwana ɗaya. Shawararsa ta ajiye motar. Ta ce gobe ce ranar. Ya kira wani mai tasi abokin marigayi, aka ce ya yi tafiya. Wani ya ce sai an biya shi kafin ya fito, kuma ko da ta samu, iyayen sun sha faɗa cewa ba su yarda a miƙa 'ya'yansu ga namijin da ba su sani ba. Ta tsaya a tsakiyar garejin, gaba kura baya sayaki, hawaye na zubo mata ba ta ma share ba. Dawo-Gobe ya juye siririn, ya cika mata da mai kauri, ya ba ta ƙarin man a wata gora ta ajiye a but ɗin motar.

"Matar Yaya, ki ji wannan ko da ba ki taɓa jin maganata ba. Kin ga 'yar fitilar nan ja mai hoton buta? In ta kama kina tafiya, ki kashe mota nan take, ko a tsakiyar titi ne. In kin kashe, roba za mu saya. In kin ci gaba, inji za ki nema, kuma ni da ke mun san ba mu da shi."

Washegari ta fito da wuri fiye da kullum, ta bi gidajen ta kwashe yaran. Tagwayen na gaba kusa da ita, an yi musu sabon aski, kowanne da fensir biyu a aljihu. Maman 'Yan Biyu ta leƙo ta taga ta yi musu addu'a, ta dubi Anti. Da hanya a buɗe take, da an isa lafiya. Amma wata babbar mota ta faɗi a mahaɗa, cunkoso ya kama tun daga nesa, ana tafiya ana tsayawa, injin na aiki yana zafi, man na tsiyaya a kan kwalta. Kafin su fita daga cunkoson fitilar ta ƙifta. Ta gangara gefe ta kashe, ta juye duk abin da ke cikin gorar, cikin sauri har rabin murfin injin ya ɓaci. Ta tayar, fitilar ta mutu, ta yi hamdala.

Suna tsakiyar doguwar gadar sama fitilar ta sake kamawa. Wannan karon ba ta ƙifta ba, ta tsaya jajir.

A kan gadar ba shago, ba mai sayar da mai, ba inda tasi ke tsayawa, ba gefen da za a bi da yara bakwai a ƙafa motoci na wucewa kamar iska. Makarantar na can gaba, bayan an sauka an yi kwana an miƙe. Ta dubi agogo, lokacin rufe ƙofa ya kusa. A baya ƙananan na musu a kan wani cokali, a gefenta tagwayen na yi wa juna tambayoyin lissafi ƙasa-ƙasa. Hannunta ya kai kan makulli. In ta murɗa shi motar ta tsira, yaran nan biyu sun rasa shekara guda, kuma gobe ba wanda zai shiga motar da ta tsira. In ta bar shi, wataƙila fitilar ƙarya take yi, ai ta fetur ma ta daɗe tana ƙarya. Ta san ba ƙarya ba ce. Ta janye hannunta, ta ɗauki tsumman goge gilashi ta rufe fitilar da shi, ta taka totur.

A gangaren gadar ta fara jin wani ƙas-ƙas siriri. A kwanar ya zama bugu, kamar ana dukan ƙasan tukunya da muciya. Wari ya shigo ta taga, na ƙarfe da ya ƙone. Ɗaya daga cikin tagwayen ya ce Anti motar tana wani irin kuka, ta ce ya bar mota ya riƙe karatunsa. Tana magana da motar a cikin ranta, tana ba ta haƙuri, tana kiran Allah, tana kiran Direba, ƙafarta ba ta ɗaga ba. Mutane a bakin hanya suna juyowa suna nuna ta da hannu.

Mai gadi ya riga ya turo ɓangare ɗaya na ƙofar lokacin da suka iso. Motar ta yi wata girgiza, ta mutu da kanta, ta gangara ta tsaya daidai bakin ƙofar. Anti ta ce su sauka da gudu. Suka zuba ciki da jakunkunansu, tagwayen a gaba, ba wanda ya waiwayo. Aka ja ƙofar aka sa sakata.

Ta jira hayaƙin ya lafa, sannan ta murɗa makullin. Wani ɗan ƙas ya fito, shi ke nan. Ta sake, ko ƙas ɗin bai zo ba. Ba ta buƙatar bakanike ya gaya mata injin ya buga. Ta kifa goshinta a kan sitiyari, ba ta yi kuka ba, kukan ya ƙi zuwa.

Wayarta ta yi ƙara. Maman 'Yan Biyu ce, muryarta cike da murna. Malamar ajin ta kira ta, tagwaye sun shiga sun zauna, yaran bas kuwa har yanzu suna cikin cunkoson mahaɗa. Ta ce ta riga ta gaya wa sauran iyayen, maganar bas ta mutu, Anti ce tasu wannan zangon da na gaba. Kuma maƙwabciyarta mai yara biyu tana so a haɗa da nata, in an tashi yau Anti ta dawo da yara sai ta nuna mata gidan.

"Kin fitar da mu kunya, Anti. Allah ya bar mana ke da motar nan."

"Amin," in ji Anti. "Na gode."

Ta ajiye wayar a cinyarta. Mai gadi ya zagayo ya ƙwanƙwasa gilashi da ladabi, tsoho ne, ya ce ta ɗan ja gaba, ta tare ƙofa, masu sa ido za su fito da motarsu anjima. Ta dube shi kamar ba ta gane maganar ba. Sannan ta mayar da giya firi, ta saki birkin hannu, ta buɗe ƙofa ta sauko.

"Baba," ta ce, "don Allah kama mini mu tura ta."